WAƘA A KASUWA: DAGA FAIFAN PARIS ZUWA TEBURIN MAI TURA WAƘA A MAIGATARI

Gabatarwa



Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. An yi wannan magana ne a zamanin da ba a jin waƙa sai mai ita yana tsaye a wurin, da makaɗansa da 'yan amshinsa, wanda aka yi wa waƙar kuma yana zaune yana sauraro. Tun daga ranar da aka ƙago na'urar da ke ɗaukar murya ta ajiye, sai waƙa ta rabu da bakin mai ita, ta zama haja wadda ake ɗauka a kai kasuwa, a yi tayi, a sallama. To, daga nan ne wata tambaya ta taso, wadda har yanzu ba a warware ta ba a ƙasar Hausa: idan waƙa ta ci kasuwa, wa ke cin kuɗin?

Wannan lacca za ta bi sawun waƙoƙi biyu. Ta farko an fitar da ita a Faransa a shekarar 1987, ta biyu kuwa a Kano a shekarar 2020. Wurin da za a tsaya a dube su shi ne ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin a nan ne ƙasar Hausa ta Nijeriya ta yi kafaɗa da ƙasar Hausa ta Nijar, wadda Faransa ta raina, kuma a nan ne ake ganin yadda waƙa ke ƙetare iyaka ba tare da ta tsaya a gaban kwastan ba.

Faifan da ya fito daga Faransa

Mory Kanté mutumin ƙasar Gini ne, an haife shi a shekarar 1950 a gidan maroƙan Mandinka, waɗanda ke gadon kiɗa da adana tarihin sarakuna kamar yadda makaɗan fada ke yi a ƙasar Hausa. Abin kiɗansa shi ne kora, wata irin babbar molo mai tsirkiya ashirin da ɗaya. Ya yi aiki da ƙungiyar makaɗan Rail Band ta Bamako tun daga 1971, ya zauna a Abijan, sa'an nan ya koma Paris a 1984. A cikin wannan shekara ya ɗauki waƙarsa mai suna Yeke Yeke a karo na farko, amma ba ta yi nisa ba. A 1987 aka sake ɗaukarta, aka ƙara mata sauri, aka haɗa kora da ganguna na lantarki irin waɗanda ake rawa da su a gidajen rawa na Turai, kamfanin Barclay kuma ya fitar da ita a ƙaramin faifai. Cikin 1988 ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Holand da Beljiyam da Sifen, aka sayar da faifai fiye da miliyan ɗaya. Ita ce ake lissafawa waƙar ɗan Afirka ta farko da ta kai wannan adadi a Turai, alhali mafi yawan masu sayenta ba su jin ko kalma ɗaya ta harshen da aka rera ta da shi.

Abin lura a nan shi ne, ana iya faɗin waɗannan alƙaluma domin akwai masu ƙidaya. Ƙaramin faifai, mai juyi 45 a minti ɗaya, wanda kamfanin RCA na Amurka ya fito da shi a 1949, an yi shi ne domin a sayar da waƙa guda tilo, a ga iyakar ƙarfinta a kasuwa. A Nuwamba 1984 aka fara shirin Top 50 a gidan talabijin na Canal+ da gidan rediyon Europe 1, inda kowane mako ake bayyana waƙoƙi hamsin da aka fi saye, bisa ga lissafin da aka tattaro daga kantuna. Mai kanti ya san abin da ya sayar, kamfani ya san abin da ya buga, mawaƙi kuma yana da takardar yarjejeniya wadda ta faɗi kasonsa a kowane faifai.

Bayan ƙidaya akwai masu karɓar haƙƙi. A 1847 wani marubucin waƙa mai suna Ernest Bourget ya zauna a wani gidan shan shayi a Paris, ya ji ana rera waƙarsa don a jawo masu ciniki, sai ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha, ya ce sai an biya shi nasa tukuna. Maganar ta kai kotu, kotu ta ba shi gaskiya. Daga wannan shari'a aka kafa ƙungiyar SACEM a 1851, wadda aikinta shi ne karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da otal-otal da wuraren rawa, ta raba wa masu waƙoƙin. Da kaset ya yawaita, mutane suka shiga kwafar waƙa a gida, sai aka yi doka a 1985 wadda ta ɗora ɗan haraji a kan kowane kaset da ba a ɗauki kome a kansa ba, ana mayar da kuɗin ga mawaƙa da kamfanoni, ana ware kashi ɗaya cikin huɗu don raya fasaha. Har wa yau, tun daga 1996 aka wajabta wa gidajen rediyo su ba waƙoƙin Faransanci kashi 40 cikin ɗari na waƙoƙin da suke sakawa.

Wannan tsari bai hana sata ba, amma ya sa ana iya bin sawunta. Alal misali, a 1989 wata ƙungiya da aka haɗa a Paris mai suna Kaoma ta fitar da waƙar Lambada, wadda ta game duniya. Daga baya ta tabbata cewa karin waƙar na wasu makaɗan ƙasar Bolibiya ne, Los Kjarkas, waɗanda suka fitar da tasu tun 1981. Suka kai ƙara, aka mayar musu da haƙƙinsu. Shi ma Mory Kanté an ɗebi karin waƙarsa mai suna Tama an sa a finafinan Indiya, ciki har da fim ɗin Hum na 1991 wanda Amitabh Bachchan ya fito a ciki. Masu kallon finafinan Indiya a Kano da Damagaram sun sha jin wannan kiɗa, kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa asalinsa na maroƙin Afirka ta Yamma ne.

Mawaƙin Hausa da ubangidansa

A ƙasar Hausa tsarin da aka gada daban yake. Mawaƙi yana da ubangida, kuma daga hannun ubangida abincinsa ke fitowa. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗan kotso, Sarkin Taushin Katsina ya yi wa Sarki Usman Nagogo, Musa Ɗanƙwairo ya tashi a fadar Maradun. Ladan waƙa shi ne riga, ko doki, ko hatsi, daga baya kuma mota da kujerar Makka. Makaɗan jama'a irin su Mamman Shata da kalangunsa, da Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, da Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, da Barmani Choge da ƙwaryarta, sun faɗaɗa wannan tsari, suka yi wa attajirai da direbobi da 'yan siyasa waƙa, suka karɓi liƙi a wurin biki. Amma tushen bai sauya ba: wanda aka ambaci sunansa shi ke biya, sauran jama'a su saurara kyauta.

Da faifan garmaho ya iso, kamfanoni irin su EMI da Decca da Tabansi suka ɗauki muryoyin mawaƙan Hausa, gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 kuma ya kai su kowane lungu, musamman ta shirin Zaɓi Sonka. Mawaƙi ya ɗauki faifai da rediyo a matsayin kakakin da ke yaɗa sunansa, domin duk inda aka ji shi, gayyatar biki za ta biyo baya. Saboda haka sau da yawa yakan karɓi kuɗi dunƙule ranar ɗauka, ya tafi, ba ya waiwayar yawan faifan da aka sayar.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya rushe ɗan tsarin da ke akwai. Bayan ƙarin albashin Udoji, wanda ma'aikata suka karɓa a 1975, rediyo mai kaset ya shiga gidaje da yawa. Faifai sai a masana'anta ake buga shi, kaset kuwa duk mai rakoda biyu yana iya kwafarsa a rumfar kasuwa. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta ƙara tsadar kayan buga faifai, manyan kamfanonin waje suka sayar da rassansu na Nijeriya suka janye. An yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, aka kafa hukumar da za ta kula da ita, amma dokar ta tarar da kasuwa ta riga ta saba da kwafi.

Daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, wata sabuwar ƙofa ta buɗe. Fiyano ya maye gurbin kalangu da goge a ɗakunan ɗaukar waƙa, kuma bayan fim ɗin Sangaya na 1999, wanda waƙarsa ta ja jama'a zuwa ga fim ɗin, sai waƙa ta zama ita ce tallar fim. Mawaƙin da ya rera ta ana biyansa ladan aikinsa na ranar, waƙar kuma ta zama ta mai fim.

Ƙasar Gumel da hanyar waƙa

Ƙasar Gumel tun asali ƙasar kan hanya ce. Mangawan da suka kafa sarautar Lautai sun zauna a Tumbi, wadda yanzu ke cikin Jamhuriyar Nijar, kafin su dawo Gumel a ƙarni na goma sha tara, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta ratsa tsakanin dangi ne. Layin dogo da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ya bi ta Gagarawa. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana tara fatake daga Dungas da Magarya da Damagaram, da masu sayen dabbobi daga kudancin Nijeriya, ana cinikin raƙuma da shanu da tumaki da riɗi da zoɓo, ana canjin naira da sefa.

Waƙa ta bi wannan hanya tun zamanin kaset. Direban da ya ɗauko fasinja daga Kano ya zo da waƙoƙin Shata da na finafinai, wanda ya fito daga Damagaram ya zo da na makaɗan Nijar da na ƙasashen da ke magana da Faransanci. Mai rediyo a Sule Tankarkar yana iya kama Kaduna, ya juya ya kama Muryar Sahel. Ta irin wannan cuɗanya ne kaset ɗin Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya rasu a 2008, ya sami karɓuwa a arewacin Nijeriya cikin shekarun 1990, kuma ta haka ne Fati Nijar ta taso daga Maraɗi ta zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin finafinan Kano.

Bayan shigowar wayar salula a 2001, kaset da faifan CD suka ja baya, aka sami sabuwar sana'a, watau ta masu tura waƙa. Saurayi ne da tebur da kwamfuta da ɗan janareta ko farantin hasken rana, yana cajin waya, yana kuma zuba waƙoƙi da finafinai a memori a kan kuɗi kaɗan. Wanda ya saya ya koma ƙauye ya tura wa abokansa ta Bluetooth ko Xender ba ko sisi. A nan ne bambancin ya fito fili. Raƙumin da ya shigo kara a Maigatari akwai dillalinsa, akwai mai yankar rasit, akwai kason ƙaramar hukuma. Buhun riɗi ana auna shi, a rubuta. Waƙa kaɗai ce hajar da ke shiga kasuwar ta fita ba wanda ya rubuta ta, mai ita kuma ba ya ganin la'ada.

Jarumar Mata

A shekarar 2020 Hamisu Breaker, matashin mawaƙi daga unguwar Ɗorayi a Kano, ya fitar da waƙar soyayya mai suna Jarumar Mata. Ta fito a lokacin da ya dace da ita ta wata fuska, ya kuma saɓa mata ta wata fuskar. Annobar korona ta sa an kulle Kano tun daga watan Afrilu, mutane suna zaune a gida da waya a hannu. Wajen ƙaramar salla, a ƙarshen watan Mayu, sai matan aure suka shiga ɗaukar hoton bidiyo suna taka rawa da waƙar a gaban mazajensu, suna sakawa a Instagram da sauran dandalin sada zumunta. Malamai da dattawa suka yi suka, wasu suka kare, muhawarar kuma ta ƙara wa waƙar kasuwa. A cikin wannan wata ne, ranar 22 ga Mayu, Mory Kanté ya rasu a Konakiri.

Iyakar Nijeriya ta ƙasa tana rufe tun Agusta 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamba 2020. Shinkafa da man fetur sun sha wuyar ƙetarawa a wannan tsakani. Waƙa kuwa ba ta san an rufe ba, domin tana cikin aljihun kowane matafiyi, tana kuma bin iska daga waya zuwa waya.

To, ina cinikin? Ya kasu gida uku. Kashi na farko shi ne na intanet: YouTube yana ƙirga masu kallo, yana biyan mai waƙa daga kuɗin talla, sai dai abin da masu talla ke biya a kan mai kallo a Nijeriya ko Nijar bai kai abin da suke biya a kan na Faransa ba. Kashi na biyu shi ne na teburin mai tura waƙa, wanda ta nan ne mutanen karkara da ba su da kuɗin data ke samun waƙa, kuma daga nan ba abin da ke komawa ga mawaƙi. Kashi na uku shi ne na biki da wasan salla da gayyata, wanda a al'ada shi ne mafi tsoka, shi ne kuma wanda kullen korona ya tsayar a daidai lokacin da waƙar ke tashe. An fara jerin waƙoƙi na TurnTable a Legas a 2020, amma abin da yake ƙirgawa shi ne rediyo da talabijin da manhajojin sauraro. Memorin da aka cika a Maigatari ba ya cikin lissafinsa.

Abin da ake hasara

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani zai ce ai mawaƙan suna hawa manyan motoci, ina ruwan jami'a da kukansu? Amsa ita ce, hasarar ta wuce aljihun mawaƙi.

Da farko, mawaƙin da jama'a ba su biyansa dole ya nemi mai biya, kuma a wannan zamani babban mai biya shi ne ɗan siyasa. Shi ya sa kakar zaɓe ta zama kakar mawaƙa. Waƙar da ke yi wa shugaba gargaɗi, ko ta tsaya wa talaka irin yadda Ɗanmaraya ya tsaya wa karen mota, ba ta da mai ɗaukar nauyinta.

Na biyu, abin da ba shi da mai shi a rubuce ba shi da mai adana shi. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Waɗannan sun yi suna, an tattara da yawa daga cikin waƙoƙinsu. Makaɗan noma da na farauta da na dambe da zabiyoyin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar fa? Wanda aka taɓa ɗauka a kaset, kaset ɗin yana lalacewa da zafi da ƙura. Wanda ba a ɗauka ba, ranar da ya kwanta dama waƙarsa ta bi shi. A cikin waɗannan waƙoƙi akwai sunayen garuruwa da zuriyar sarakuna da kalmomin noma da kiwo waɗanda babu su a ƙamus.

Na uku, wanda bai rubuta abinsa ba ba ya iya kai ƙara ranar da aka ɗauka. Makaɗan Bolibiya sun ci shari'a domin faifansu yana nan da suna da shekara.

Shawarwari

Doka tana nan. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta kuma shafi abin da ake yaɗawa ta intanet. Nijar ma tana da ofishinta na haƙƙin masu fasaha. Abin da ya rage aikin ƙasa ne, kuma yana hannun irin mutanen da ke zaune a wannan zaure.

Korar masu tura waƙa ba za ta haifar da ɗa mai ido ba, gama su ne kantin waƙa na mutanen karkara, sana'ar kuma tana ciyar da gidaje. Abin da ya fi shi ne ƙananan hukumomi su yi musu rajista ta hannun ƙungiyarsu, su riƙa biyan wani abu ƙayyadadde a wata, a miƙa shi ga ƙungiyar mawaƙa, kwatankwacin harajin kaset na Faransa. Kowane tebur ya riƙa rubuta waƙoƙin da aka fi nema a mako, domin da wannan lissafi ne za a san yadda za a raba kuɗin, da shi ne kuma gidajen rediyon Jigawa za su iya fitar da jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa. Gidajen rediyon su ma, na gwamnati da masu zaman kansu, wajibi ne su rubuta abin da suka saka, su biya.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na sashen Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gumel da jami'o'in jiha, wayar da ke hannunsu ta fi rakodar da manazarta na farko suka yi aiki da ita. Kowane ɗalibi ya koma garinsu ya ɗauki makaɗi guda, da izninsa, ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da abin kiɗansa da ranar ɗauka, ya rubuta baitocin, a ajiye kwafi a kwaleji, a ba makaɗin nasa. Wannan takarda ita ce shaidarsa, ita ce kuma gadon 'ya'yansa.

Kammalawa

An ga yadda maroƙin Gini ya sayar da faifai fiye da miliyan a Turai, aka ƙirga, aka biya shi, domin ya shiga kasuwar da aka shafe fiye da shekara ɗari ana gina mata dokoki. An ga kuma yadda waƙar matashin Kano ta ratsa kulle da rufaffiyar iyaka, mafi yawan cinikinta na karkara ya bi ruwa. Fasaha ba ta gaza a ƙasar Hausa ba, masu saurare ma suna nan da yawa a ɓangarorin iyaka biyu. Abin da babu shi ne littafin lissafi da mai riƙe shi da amana. Mutanen da suka iya ƙirga raƙuma da buhunan riɗi kowace Alhamis ba za su kasa ƙirga waƙa ba, in sun yarda cewa ita ma dukiya ce mai mai ita.